Ajiyar nonon uwa a garin da wuta ba ta da alkawari

Da sassafe ƙanwata ta kira ni, muryarta kamar wadda aka yi wa sata. Na same ta durƙushe gaban firigo, ta fito da ledojin nono daga ɗakin ƙanƙara na sama ta jera a faranti, tana latsa su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. An ɗauke wuta tun azahar ɗin jiya, ba ta dawo ba sai bayan asuba, ga yaran gida sun wuni suna buɗe ƙofar neman ruwan sanyi. Wasu ledojin sun zama ruwa zalla. Wasu in ka latsa sai ka ji ƙanƙara na ƙaras-ƙaras a ciki. Ta ɗago ta ce, "Yaya, aikin wata guda ne wannan. Zubarwa zan yi?"

Malama ce a wata makaranta mai zaman kanta, tana zaune a unguwar Garin Malam a Damagaram, wurin aikinta kuwa sai an hau kabu-kabu. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ba mace hutun haihuwa na mako 14, takwas daga ciki bayan ta sauka, sannan ta ba ta awa ɗaya a kowace ranar aiki domin shayarwa har yaro ya cika wata 12. Mako takwas ba komai ba ne. Da ƙyar an gama wankan jego, an yi arba'in, sai ga ranar komawa ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ita kuma ta ƙudura cewa ɗiyarta ba za ta sha komai ba sai nono har wata shida, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce. Sai ta duba waya, ta samo jadawalin nan da kowa ke turawa a WhatsApp: awa 4, kwana 4, wata 6. Ta riƙe lambar ƙarshe, ta shiga tara nono kamar mai cika rumbu.

Jadawalin ba ƙarya ba ne. Na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ne, CDC, kuma likitocin yara a ƙasashe da yawa da shi suke aiki. Abin da ke faɗuwa a hanya yayin turawa shi ne sharaɗin da ke manne da kowace lamba. Awa 4 ɗin na nonon da aka tatsa yanzu ne, aka ajiye a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. Kwana 4 na firigon da ke riƙe digiri 4 ne dare da rana. Wata 6 kuwa, wanda ake iya kaiwa har 12 in ta kama, na firizar da ke zaune a digiri 18 ƙasa da sifili ne, ba ta taɓa narkewa ba ko sau ɗaya. Wato duk alkawarin na sanyi ne. Kwanakin suna bin sanyin a baya, ranar da ya yanke kuwa lissafinsu ya rushe. Wanda ya rubuta jadawalin yana zaune inda ɗauke wuta labari ne da ake bugawa a jarida. Mu a Damagaram tambayarmu ta farko ita ce ko sanyin ya taɓa yankewa, sannan a zo maganar kwana nawa.

A fara da ɗaki. Digiri 25 a garin nan sai da hunturu, Disamba da Janairu, lokacin da man kaɗe ke daskarewa a kwalba. A Afrilu da Mayu zafin rana na haura 40, ɗakin kwano kuwa da la'asar ba a magana. Ƙungiyar likitocin da suka ƙware kan shayarwa, a ƙa'idar da ta sabunta a 2017, ta ce tsakanin digiri 27 da 32 awa 4 ita ce iyaka. Daga nan jadawali ya tsaya, bazararmu kuma daga nan take farawa. Abin da ke ceton mu shi ne nonon uwa ba kamar madarar gwangwani ba ne. Sabon tatsa yana ɗauke da ƙwayoyin jini masu rai da sinadaran kariya da ke danne ƙwayoyin cuta na wani lokaci, shi ya sa yake jure abin da madarar da aka dama ba za ta jure ba. Amma juriya tana da iyaka, kuma ƙwayar cuta in ta samu ɗumi da abinci tana iya ninka kanta cikin minti 20. Ni dai a bazara ba zan bar kofin nono ya kai awa 4 a ɗaki ba. Abin da aka tatsa da safe a ba yaro da hantsi, ko a kai shi sanyi nan take.

Inda babu firigo akwai dabarar iyayenmu. A rufe kofin, a tsayar da shi cikin kwano mai ruwan randa, a lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Hikimar tulu ce: ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa, yana tafiya da zafi. Da ita wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Tana aiki sosai a busasshiyar iska irin tamu, tana raguwa da damina. Sai dai sanyin randa bai kai na firigo ba, ko kusa. Abin da yake yi shi ne ya mayar da ɗakin bazara kamar ɗakin da jadawali ke nufi, uwa ta samu awanninta 4 da kwanciyar hankali. Ba ya ba da kwana ko ɗaya.

Firigo kuma yana da nasa halin. Ƙofarsa ita ce wuri mafi ɗumi a cikinsa, don duk buɗewa ita ke fara shan iskar waje, saboda haka nono can ƙurya yake zama, a baya. In aka ɗauke wuta, firigon da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa kamar awa 4 ne kawai. A gidan da ake buɗe shi sau talatin a wuni, ga wuta mai rauni da ke sa injin yana gurnani ba ya sanyaya komai, kwana 4 ɗin nan na takarda ne. Ƙaramin ma'aunin sanyi da ake ratayawa a ciki ya fi duk wata shawara da zan bayar amfani, domin shi zai gaya wa uwa gaskiyar firigonta. In babu, ta ɗauki kwana 2 a matsayin iyaka. Kuma nonon da ta san ba za a sha a kwanakin nan ba, ta daskarar da shi tun ranar tatsa, kada ta jira sai ya gaji a firigo sannan ta kai shi firiza.

Firizar ma ba iri ɗaya ba ce, a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Akwai ɗan akwatin ƙanƙara da ke cikin firigo mai ƙofa ɗaya, wanda ake ɗaga masa murfin roba. Wannan sanyinsa na hawa da sauka da kowace buɗewa, kuma abin da ake ba shi mako 2 ne. Akwai ɗakin sama na firigo mai ƙofa biyu, irin na ƙanwata, wanda zai iya kai digirin da ake so in wuta ta tsaya. Sai babbar firiza ta kwance mai murfi a sama, irin ta masu sayar da ƙanƙara da bisab, wadda ta fi kowa riƙo saboda iska mai sanyi nauyi gare ta, ko an ɗaga murfi tana kwance a ƙasa. Wata 6 na jadawali na biyun ƙarshe ne, su ma da sharaɗi.

Akwai abin da ya kamata a fahimta game da daskarewa kanta, don daga shi sauran ƙa'idojin suka fito. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Barci kawai take sa su. Duk abin da ya shiga nonon daga hannu ko kofi ranar tatsa yana nan kwance, yana jiran ɗumi. Abin da ƙanƙara ke kashewa, abin takaici, shi ne ƙwayoyin nan masu rai da ke gadin nonon, kuma wasu sinadarai irin su bitamin C suna raguwa in zaman ya yi tsawo. Saboda haka nonon da ya narke kamar gida ne da ɓarayi suka farka a ciki, masu gadi kuma sun ragu. Shi ya sa sabon tatsa ke da kwana 4 a firigo, narkakke kuwa awa 24 kacal daga lokacin da ya gama narkewa, a ɗaki kuma awa 1 zuwa 2. Shi ya sa kuma ba a mayar da narkakke firiza. Duk da haka kada a ji wannan a raina shi. Nonon da ya kwana wata uku a ƙanƙara yana nan da abincinsa da mafi yawan kariyarsa, kuma ya fi madarar gwangwani da aka dama da ruwan da ba a san asalinsa ba.

Da wannan muka raba ledojin ƙanwata kashi uku a farantin. Duk wadda aka latsa aka ji ƙanƙara a ciki, ko da rabinta ya yi ruwa, ba ta gama narkewa ba, ta koma firiza. Wannan ita ce ƙa'idar CDC ɗin kanta game da ɗaukewar wuta. Waɗanda suka zama ruwa amma suna da sanyi sosai a hannu suka sauka firigo, a shanye su cikin awa 24, abin da ya rage a zubar. Guda biyar da ke bakin ƙofa sun rasa sanyin gaba ɗaya, an taɓa su kamar ruwan famfo. Su muka zubar. Ta juya baya lokacin da nake tsiyaye su, ban ga laifinta ba. Wanda bai taɓa zama da ƙarfe biyar na asuba yana tatsa ɗigo-ɗigo ba, ba zai san nauyin leda ɗaya ba.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne narkewar da ba a gani ba. A tafi biki Mirriya a kwana biyu, wuta ta tafi ta dawo, nono ya narke ya sake daskarewa, a dawo a same shi tauri kamar dutse, ba wanda ya sani. Maganin wannan ba ya cin ko dala. A zuba ruwa rabin ƙaramar gora, a kwantar da ita har ta daskare, sannan a tsayar da ita kusa da nonon. Muddin ƙanƙarar na manne a gefe ɗaya daga sama har ƙasa, sanyi bai yanke ba. Ranar da aka ga ta taru a gindin gorar, an samu labarin abin da ya faru a bayan ido. Sauran dabarun ma masu sauƙi ne. Firizar da ke cike tana riƙe sanyi kusan awa 48 in ba a buɗe ta ba, wadda ke rabi kuwa kusan 24, don haka duk gurbin da ya rage a cika shi da gorunan ruwa su daskare, a sa nonon a tsakiyarsu. Ana ɗauke wuta a kafa doka, ba mai taɓa ƙofar. In abin ya yi tsawo, kula mai kyau da aka cika da ƙanƙara tana riƙe nono har awa 24, amma a zafin nan a riƙa duba ƙanƙarar, don ita ce agogon. Duk wanda ya zauna a garin nan daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024 da aka maido ta, ya san yadda firiza ke komawa akwatin ajiye kwanuka.

A nan ne nake ganin mun ɗauko al'adar da ba tamu ba. Hotunan da ake gani a intanet na firiza shaƙe da ledoji ɗari biyu suna sa uwa ta ji kamar ta gaza in ba ta tara ba. A yi lissafi. Jariri tsakanin wata 1 da wata 6 yana shan kimanin mililita 750 a awa 24, wani ya fi haka, wani bai kai ba. In aka raba, kusan mililita 30 ke nan a kowace awa. Uwar da za ta yi awa 6 a waje, ta shayar kafin ta fita, ta shayar tana dawowa, abin da za ta bari bai fi mililita 200 ba. Abin da ta tatsa yau a wurin aiki shi za a sha gobe, na gobe a sha jibi, na Juma'a ya jira Litinin in firigon mai riƙo ne, in ba haka ba ya shiga ƙanƙara. Firiza aikinta ajiyar ko-ta-kwana ne, na ranar da aka yi zazzaɓi, ko taro ya ja, ko kofi ya kife. Abin kwana uku zuwa biyar ya isa. Mai ledoji goma in wuta ta ci amanarta ta yi asarar goma. Mai ɗari ta yi asarar ɗari, kuma ba ta ƙara wa ɗanta komai da su ba.

Akwai ma wata illa da ke ɓoye a cikin cikakkiyar firiza. Jikin mace yana yin nono ne gwargwadon abin da aka cire. In mama ta cika ta zauna a cike, jiki ya ɗauka ba a bukata, sai ya rage. Uwar da ta dogara da rumbunta, ana ba yaro daga ƙanƙara ita kuma ta wuni a aji ko a ofis ba ta tatsa ba, bayan mako biyu za ta ce nononta ya ƙafe, a shiga neman kunun kanwa da jiƙe-jiƙe. Ba ƙafewa ya yi ba, saƙon da ta aika masa ya bi. Duk shan da yaro ya yi a bayanta, ita ma ta cire kwatankwacinsa inda take. Awa ɗayan nan da doka ta ba ta, ga amfaninta: ta raba ta biyu, ta nemi ɗaki mai ƙofa, ta tatsa, ta sa a ƙaramar kula da gorar ƙanƙara biyu.

Da me za a tatsa? Na'urar tatsa tana da sauri, musamman mai batir, amma tana da lunguna da ƴan robobi da sai an kwance an wanke da sabulu bayan kowane amfani, an shanya sun bushe sarai. A garin da famfo ke yin kwanaki bai ɗiga ba, ana jiran ɗan ga-ruwa, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Na'urar da ba ta wanku ba ta fi hannu haɗari. Hannu kuwa ba ya son komai sai sabulu da kofi mai faɗin baki da aka tafasa. A ɗan gasa maman da ƙyalle mai ɗumi, a shafa a hankali, a sa babban yatsa a sama da manuni a ƙasa, wajen iyakar baƙin da ke kewaye da kan nono, a danna baya wajen ƙirji, a matse, a saki, a riƙa zagayawa ana sauya ɓangare, kamar minti 20 zuwa 30. Ba a jan kan nonon, ba a murza fata, kuma in ana jin zafi to hannun bai zauna daidai ba. Ranar farko ɗan kaɗan ne zai fito, kada a karaya. Ungozomomin asibiti sun iya nuna wannan, kuma gani ya kori ji.

Mazubi shi ne inda na fi faɗa. Farar ledar nan da ake ƙulla bisab da ƙanƙarar sayarwa ba ta nono ba ce. Siririya ce, tana fashewa in ta daskare, ba a yi ta da tsabtar abincin jariri ba, kuma kowa ya san yadda ake buɗe ta: a kai baki a hura. Akwai ledoji masu kauri da zik da aka yi musamman domin nono, ana samun su a wasu manyan farmasi, sau ɗaya ake amfani da kowace. In ba su, ƙaramar kwalbar gilashi mai murfin roba, irin ta mayones, a wanke ta har warin ya fita, a tafasa ta da murfinta, a kife ta bushe. Roba mai tauri ta abinci ma ta yi, a duba gindinta, mai lamba 5 cikin alamar kusurwa uku ita ake so, a guji mai lamba 7. Kowane mazubi kada a cika shi fal, a bar kamar santimita 2 da rabi a sama, don ruwa na kumbura in ya daskare, kwalba kuma ba ta da haƙuri. A zuba kaɗan-kaɗan, mililita 60 zuwa 120, saboda abin da aka narkar ba ya komawa, kuma abin da yaro ya sa wa baki ya rage, awa 2 gare shi. Leda a kwantar da ita ta daskare a shimfiɗe, ta fi saurin kamawa da saurin narkewa. In za a haɗa tatsar safe da ta rana, sai sabon ya yi sanyi a firigo tukuna. Ba a zuba mai ɗumi kan daskararre.

Sai rubutu. Kwanan wata a jikin kowane mazubi, a riƙa fara sha da wanda ya fi daɗewa. Mu kuma muna da dalili na biyu da babu shi a jadawalin Amurka. Gidaje da yawa ba su da firiza, ajiya ake kaiwa wajen maƙwabciya mai sayar da ƙanƙara, ko mai fanon sola, ko kuma kishiyoyi da matan ƴan uwa suna goyo a gida ɗaya da firigo ɗaya. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya sani, nonon da ya isa cikin jariri a cikin shekara biyu yana haramta aure ko da tsotsa ɗaya ce, kuma malamai ba su bambanta wanda aka tsotsa da wanda aka ɗura a baki ba. Kwalba biyu marasa suna a firiza ɗaya, yarinyar aike ta ɗauko wadda hannunta ya kai, shi ke nan an ƙulla ƴan uwantakar shayarwa ba wanda ya sani, sai bayan shekara ashirin a zo ana neman aure tsakanin gidajen. Ga kuma cututtukan da ke bin nono daga uwa zuwa ɗan da ba nata ba. A rubuta sunan uwa da na yaro da alƙalamin da ba ya gogewa, a haɗa kwalaben cikin roba ɗaya mai murfi, nesa da ɗanyen nama da kifi. In kuskure ya riga ya faru, a faɗa, a rubuta, a tambayi malami da likita. Firizar sana'a kuma a tuna ana buɗe ta wuni guda, ana loda mata sabon ruwa mai ɗumi kullum, to nono can ƙasa zai zauna.

Narkarwa ba ta da wuya. Mafi kyau a sauko da na gobe firigo tun dare. In ana sauri, a tsayar da mazubin a kwanon ruwa mai ɗumi, wanda hannu zai iya zama a ciki, ana sauya ruwan. Ba a ɗora shi a wuta, ba a tsoma shi a tafasasshen ruwa, ba a shanya shi a rana, ba a sa shi a na'urar ɗumama abinci, don tana dafa wani gefe ta bar wani, ta ƙona bakin yaro. Ba dole ba ne ma a ɗumama, yaro na iya sha da ɗan sanyinsa in ya karɓa. A ɗiga a bayan hannu a ji kafin a ba shi.

Surukar ƙanwata, wadda ita ke riƙe jaririyar da rana, tun farko ba ta so abin ba. "Ke ƴar nan, nonon mutum ne za ki jera a firigo kamar kindirmon Fulani?" Ranar da ta ga kwalbar ta rabu biyu, maiƙo a sama, tsinkakken ruwa mai shuɗi-shuɗi a ƙasa, ta ce ai ga shi nan, ya lalace. Bai lalace ba. Haka nonon da ba a sarrafa ba yake yi, ita da ta san ƙwaryar nono ta fi kowa sani, kuma ana juya kwalbar a hankali yake haɗewa. Launi ma yana sauyawa da abin da uwa ta ci da kuma shekarun goyon, daga rawayan dakashi zuwa fari. Wanda ya lalace warinsa na tsami ne sosai, kuma ko an juya yana nan guda-guda.

Akwai wani wari na dabam da ke ruɗa mutane, kamar na sabulu ko na ƙarfe, a nonon wasu mata bayan ya kwana a sanyi. Ana danganta shi da wani sinadari na cikin nonon da ke narkar da maiƙo, wanda ba ya daina aiki ko a ƙanƙara. Ba ya cutarwa, yara da yawa suna sha ba ruwansu, amma wasu suna kawar da kai. Gara uwa ta sani tun da wuri: ta daskarar da kwalba ɗaya, bayan mako guda ta narkar ta gwada wa yaron, kafin ta tara abin da zai ƙi. In ya ƙi, a gauraya da sabon tatsa da ya yi sanyi. Wasu suna ɗora sabon nonon a wuta har ƙananan kumfa su fito a gefen tukunya, su sauke kafin ya tafasa, su sanyaya da sauri sannan su daskarar. Yana hana warin, amma yana cin wani abu daga kariyar, saboda haka sai in babu yadda za a yi.

Duk wannan na lafiyayyen yaro ne da ya cika watanninsa. Bakwaini, ko wanda ke kwance a asibiti, ƙa'idarsa ta fi tsauri, kuma maganar masu jinyarsa ce a gaba da tawa.

Da me za a ba shi? Bibiro, wato kwalbar shayarwa mai bakin roba, yana da wuyar wanki, bakin robar nan na ɓoye dauɗa, kuma inda ruwa ya yi ƙaranci hanyar zawo ce. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ƙaramin kofi suke so. A zaunar da jariri a cinya, a ɗan miƙe shi, a jingina bakin kofin a leɓensa na ƙasa, a karkata har nonon ya taɓa leɓen, a bar shi ya lasa ya tsotsa da kansa. Ba ɗura ba ce irin ta bauri da aka saba, wadda ake toshe hanci a kwarara. A wannan gaɓar ce aka fi kai ruwa rana da tsohuwa, sai kuma maganar ruwan sha. "Inna, don Allah ko ɗigo kada a ba ta." "A wannan zafin? Ke kin iya wuni ba ruwa?" Tambayar tana da hankali, amsarta kuma tana cikin kwalbar: kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, yana kashe ƙishin jariri ko a watan Mayu. Ruwan da aka ba shi yana cika ɗan cikinsa ya hana shi abinci, in kuma ba mai tsabta ba ne ya kawo zawo, daga zawo sai tamowa, wadda jihar nan ta san ta fiye da yadda take so. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 23 cikin 100 kacal na jariran Nijar ƴan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla, kuma ruwan nan na tausayi yana cikin manyan dalilai. Uwar da ta bar kwalba ɗaya ba ta isa ba, ita ta buɗe wa ruwa ƙofa. Gara ta bar ƙarin ƴar ƙarama, mililita 30 ko 40, ta ce wannan ta ƙishi ce.

Haka ƙanwata ta yi. Yanzu kwalabe takwas ne a ɗakin sama, kowace da suna da kwanan wata, gorunan ƙanƙara sun kewaye su, ga ƴar gorar shaida a tsaye a gefe. An saya wa yara sabuwar randa don su bar ƙofar firigo ta huta. Tana fita da kula a jaka, tana dawowa da na gobe. Shekaranjiya na biya da hantsi na tarar da tsohuwa a tabarma, jaririyar a cinyarta, kofin a leɓe, tana lasa kamar ƴar kyanwa. Ba ta ɗago ba ta ce da ni, "Duba mini kwalbar can, na Talata ne ko na Laraba? Idona ba ya ganin rubutun nan nata."